Mutumin da Takarda Ta Kashe

Daren Talata a Wad Madani,
bayan isha, in zafi ya saki ƙasa,
kakana Ilu kan jawo gadon igiya tsakar gida,
ya ɗora rediyo bisa cinya
kamar mai lallashin jinjiri.
Batir huɗu ne, duk sun yini kan katanga suna shan rana
don a ƙara matse musu rai.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dafa wa Bature abinci
a gidan auduga na Barakat.
Can ya yi kalar Turanci,
abin da ya zubo daga tebur.
Da shi yake mana tafinta.

Yana murɗawa, akwati na tsaki, yana shaƙewa,
sai ga Landan ta iso da ƙyar, ƙafa duk ƙura.
Ƙaho tukuna, sannan muryoyi uku,
sannan dariyar mutum ɗari a ɗaki guda
tana zubowa kamar an kwance bakin buhun gyaɗa.

"Me suka ce, Kaka?"
Sai ya ɗaga hannu, mu dakata.
Kafin ya juyo da maganar, masu ita sun yi gaba,
namu rabon kan iso a huce
kamar gahawar da Inna Kyauta ta manta a murhu.
Wani ya ɓatar da lema.
Wani ya kira surukarsa da sunan kare.
Ba mu ga abin dariya ba, amma muna yi,
don Kaka na yi,
haƙorinsa guda na rawa a hasken fitila.

Wani dare Barau maɗinki ya shigo aron ashana,
ya ji ƙaho, ya zauna bakin tabarma.
Kaka ya ce, "Wani ne ya je karɓar fansho.
Akawu ya buɗe littafi, ya ce, ai ka mutu tun watan jiya."
Akwati ya fashe. Mu ma muka fashe.
"Ya ce, ga ni tsaye!
Akawu ya ce, tsayuwa ba hujja ba ce, kawo takarda.
Ya ce, wace iri?
Ya ce, wadda mamacin ya sa wa hannu
cewa ya yarda kai ne shi.
Ya ce, to bari in zauna in huta.
Ya ce, kujerar ta masu rai ce."

Na yi dariya har na faɗo daga gado.
Da na ɗago, Barau na juya hularsa bisa gwiwa.
Nan aka binne cibiyarsa, nan aka binne ta ubansa,
kan hanyar Makka da guzuri ya yanke.
Sau bakwai ya bi layi a ofishin takardar ɗan ƙasa,
sau bakwai ana cewa, kawo shaidar kakan kakanka.

Ya ce, "Ilu, saurara da kyau.
An ba shi?"

Kaka ya manna kunne.
Iska ta taso daga kogi,
tasha ta nutse, ta leƙo, ta sake nutsewa,
wata murya daga Alƙahira ta hau kanta tana karanta labarai.
Da Landan ta dawo, tafi ake yi,
ƙaho na busa sallama.

Kaka ya ce, "An ba shi. Har da ban haƙuri."
Barau ya ce, "To, madalla."
Ya sa hula, ya fita, ya bar ashanar.

Ni ne mafi kusa da akwatin.
Na san babu abin da ya fito cikinsa sai tsaki.
Kaka bai dube ni ba.
Ya zare batir ɗaya bayan ɗaya,
ya miƙo mini, da sauran ɗuminsu,
ya ce in jera su kan katanga kafin in kwanta.